Yadda ɗan Abuja zai haɗa kayan fatsa kafin ya tafi bakin teku

Mu da muka saba zama a gefen tafkin Jabi ko dam ɗin Usuma da yamma, mu soke tana a ƙugiya muna jiran karfasa ko tarwaɗa, sai mu ɗauka ruwa duk ɗaya ne. Ni ma haka na ɗauka lokacin da aiki ya fara kai ni Legas. Na tafi da gajeriyar sandata ta dam, na tsaya a bakin teku wajen Lekki na jefa. Kafin in gyara tsayuwa, igiyar ruwa ta dawo mini da dalmar da ke nitsar da ƙugiya har gindin ƙafata, haka kuma aka yi ta yi har rana ta faɗi. A bakin teku da ruwan za ka fara karawa kafin ka kai ga kifi, saboda haka da ƙarfin ruwan za ka auna duk abin da za ka saya.

Fara da sanda. Nemi mai tsawon mita 3 zuwa 3.6, wato ƙafa 10 zuwa 12. Tsawon yana da amfani biyu: yana kai koto bayan inda igiyar ruwa ke fashewa, yana kuma ɗaga zarenka sama don kada kumfa ta yi ta jan sa. A jikin sandar, kusa da mariƙi, akan rubuta nauyin dalmar da za ta iya jefawa. Wadda ta kama daga giram 60 zuwa 170 ta ishi sabon hannu. Tunda tsakaninmu da Legas ya haura kilomita 700, sayi mai rabuwa gida biyu ko uku, wadda za ta shiga but ɗin mota ba tare da ta karye ba.

Sai injin naɗe zare. Ɗauki irin wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, mai buɗaɗɗen baki, domin shi ne ba ya yawan cukurkuɗa zare a hannun ɗan koyo. Lamba 5000 zuwa 6000 ta yi, in dai zai ɗauki zare mita 200 ko fiye. A nan nake roƙonka kada ka yi tsumulmula. Ruwan gishiri da yashi suna cin ƙarfe, injin da aka yi don ruwan dam kuwa tafiya ɗaya ko biyu zai yi tsatsa ta cije shi. Tambayi mai kaya ya ba ka wanda aka rubuta cewa na ruwan gishiri ne. In kuɗinka ba su kai ba, gara ka rage a kan sanda ka ƙara a kan inji.

Zare iri biyu za ka tarar: na lilo mai santsi, da saƙaƙƙe. Saƙaƙƙen ya fi siranta ya fi zuwa nesa, amma yana da tsada, kuma yana yanka yatsa wajen jifa. Fara da lilo mai ƙarfin fam 15 zuwa 20, wato nauyin da zai iya ɗauka kafin ya tsinke. Yana da sauƙin ƙulli, yana ɗan miƙewa in kifi ya fizga, yana kuma jure gogar yashi.

Akwai wani abu da mu 'yan dam ba mu sani ba, don dalmarmu ba ta da nauyi. In ka wurga dalma mai giram ɗari da ɗoriya da iyakar ƙarfinka, siririn zare yana iya tsinkewa nan take, dalmar ta tashi kamar dutsen gwafa, a wurin da yara ke wasa. Maganinsa shi ne ka ɗaura zare mai kauri a gaban na ainihi. Ma'aunin da masu wannan fatsa ke bi shi ne fam 10 ga kowane giram 28 na dalma, ke nan dalma mai giram 113 tana son zare mai fam 40. Tsawonsa ya sauko daga bakin sanda har ya zagaye injin sau biyar. Wannan matakin ban yarda kowa ya tsallake shi ba.

Dalmar kanta, ka manta da mulmulalliya irin tamu, mirginawa za ta yi ta yi. Nemi mai siffar dala, mai kusurwa huɗu, wadda ke nitsewa cikin yashi ta kafe. Sayi masu giram 85, 113 da 140, kowanne guda uku, domin teku za ta karɓi rabonta. Fara da ƙaramar, in ka ga ruwa na jan ta gefe sai ka ƙara nauyi. Da damina, musamman daga Yuni zuwa Satumba, tekun Legas takan yi fushi, lokacin ne manyan za su yi maka rana.

Ƙugiya kuwa, ɗauki mai lanƙwasasshen baki da ya juyo ciki, lamba 2/0 zuwa 4/0. Ita ba a fizgar ta kamar yadda muke yi wa karfasa. In kifi ya ɗauka, sai ka naɗe zare a hankali, da kanta za ta kama gefen bakinsa. Haɗin da ya fi sauƙi shi ne dalma a can ƙarshe, ƙugiya biyu a samanta, tsakaninsu kamar kamu biyu, sannan ƙaramin ƙarfe mai juyawa a sama don kada zare ya murɗe.

Tana ba ta daɗewa a ruwan gishiri. Kotonka jatan lande ne ɗanye, ko yankan sadin. Saye shi a can wurin masunta ya fi ka ɗauko daskararre daga kasuwar kifi ta Kado, kuma yayin ciniki za ka ji inda kifin kuroka ke ci a makon nan, irin wanda muke saye gasasshe a nan Abuja. Ka ɗaure koton da siririn zaren roba don kada ya fice wajen jifa.

Sauran ƙananan kaya: filaya, wuƙa, kula da ƙanƙara, tocilan, da bututun roba na masu aikin famfo mai tsawon mita ɗaya, a fere gindinsa a kafa cikin yashi a zura sanda. In ka ajiye sanda a ciki, sassauta birkin injin da ke riƙe zare, in ba haka ba babban kifi zai tafi da ita gaba ɗaya.

Kafin tafiya, je filin ƙwallo da sassafe lokacin da babu kowa, ɗaura dalma kaɗai ba ƙugiya, ka yi ta jifa har hannunka ya saba da doguwar sanda. A can kuma ka tuna ruwa yana hawa sau biyu a yini, lokacin yana ƙara makara da kusan minti 50 kowace rana. Sa'ar da yake hawa, in ta dace da asuba ko magariba, ita ce ta kamu. Kada ka shiga ya wuce gwiwa, kada ka ba teku baya, domin a gaɓar Legas akwai ruwa mai ja ciki wanda ko gwanin iyo yana shakkarsa.

Da ka tashi, tun kafin ka shiga mota, wanke sanda da inji da ƙugiyoyi da ruwa mai daɗi. Leda uku ta fiya wata ta isa. Zuba a hankali don kada gishirin ya shige cikin injin, goge da tsumma, ka bar su su sha iska kafin ka rufe jaka.