Yadda Ake Neman a Gwada Yaro Don Ilimi na Musamman a Makarantun Amurka

Iyaye Hausawa da ke zaune a Amurka, kamar waɗanda ke unguwar Bronx a birnin New York, sukan lura cewa yaro ya cika shekara uku bai fara haɗa kalmomi ba, ko ya kai aji biyu karatu ya ƙi zama, sai su yi shiru suna cewa kowane yaro da lokacinsa. Dokar tarayya da ake kira IDEA, wadda ta samo asali a 1975 aka kuma sabunta ta a 2004, ta ɗora wa hukumomin makarantun gwamnati alhakin gano irin waɗannan yara da gwada su kyauta, tare da ba su taimako daga shekara 3 zuwa 21. Wanda bai kai uku ba yana da nasa shirin na daban, kuma a birnin New York ana iya neman bayaninsa ta lambar 311. Rashin takardun zama a ƙasar ba ya hana yaro wannan haƙƙi.

Ana farawa ne da wasiƙa. Gaya wa malamar aji da fatar baki a bakin ƙofa lokacin ɗaukar yara ba ya barin wata shaida, saboda haka sai a rubuta wa shugaban makaranta takarda mai kwanan wata, ɗauke da sunan yaro da ranar haihuwarsa da ajinsa, a faɗi ƙarara cewa ana neman a gwada shi don ilimi na musamman, wato koyarwar da ake tsara wa yaro mai wata lalura da ke tauye karatunsa. A bayyana abin da aka gani da ido, misali cewa ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko yana shafe awa biyu a kan aikin gida na minti ashirin. A ambaci harshen da ake yi a gida, sannan a riƙe kwafi wanda ofis ya buga wa hatimi. Idan yaron yana makarantar kuɗi ko ta Islamiyya, ofishin ilimi na musamman na gunduma ake kai wa takardar.

Makaranta tana iya cewa a bari ta fara gwada ƙarin darasi a cikin aji, kuma wannan ba laifi ba ne, amma ba ta da ikon fakewa da shi ta ja lokaci. Idan ta ƙi yin gwajin, wajibi ne ta ba da dalilinta a rubuce. Idan ta amince, za a kawo takardar izini, kuma a nan iyaye da yawa suke yin sakaci: kwanaki 60 da dokar tarayya ta ba da don kammala gwaji, in jiha ba ta sa nata wa'adin ba, suna fara ƙirguwa ne daga ranar da makaranta ta karɓi izinin. Takardar izinin da ta kwana wata guda a jakar yaro ba a mayar wa makaranta ba ta jinkirta komai da wata guda. Sa hannu a kanta izinin gwaji ne kawai, domin shigar da yaro cikin shirin yana buƙatar wani izinin daban.

Batun harshe shi ne ya fi shafar mu. Doka ta ce a gwada yaro da harshen da zai fi fito da ainihin abin da ya sani, matuƙar hakan zai yiwu, ta kuma hana a sanya shi cikin masu buƙata ta musamman don kawai Turancinsa bai nuna ba. Yaron da aka kawo daga Kano ko Maraɗi bara, wanda ke zuba Hausa tiryan-tiryan amma yake shiru a aji, mai yiwuwa lokaci da darasin Turanci kawai yake buƙata. Ƙwararre mai jin Hausa yana da wuyar samu, don haka a nemi tafinta tun a cikin wasiƙar farko, kuma kada a yarda a ɗora wannan aiki a kan yayan yaron.

Za a zauna da iyaye a tambaye su tarihin yaro: yadda goyon cikinsa da haihuwarsa suka kasance, yaushe ya fara tafiya da magana, ko ya taɓa sanƙarau, farfaɗiya ko ciwon kunne mai zubar da ruwa. Kunya takan sa a ɓoye wasu abubuwan, alhali su ne ke nuna wa masu gwaji inda za su duba. Daga nan sai gwajin fahimta da karatu, da lura da shi a cikin aji, da na magana ko ji in akwai dalili.

Bayan an kammala, ana kiran taro a duba ko yaron ya faɗa cikin ɗaya daga rukunan lalura 13 da doka ta lissafa, irin su matsalar ji, ta gani, ta magana ko galahanga, da kuma ko lalurar tana tauye karatunsa. Idan ya cancanta, cikin kwanaki 30 za a zauna a tsara masa shirin karatu nasa na kansa da ake kira IEP, kuma uwa ko uba cikakken ɗan kwamiti ne a wannan zama, yana iya zuwa da wanda ya san yaron ko ya san dokar. Yana da kyau a nemi rahotannin gwajin kafin ranar taron. Wanda bai gamsu da sakamakon ba yana da damar neman wani ƙwararre daga waje ya sake gwajin, kuma hukumar ko dai ta biya kuɗin ko ta je gaban jami'in sauraron ƙorafi ta kare nata gwajin. Yaron da bai cancanci IEP ba yana iya samun sauƙi, kamar ƙarin lokaci a jarrabawa, ƙarƙashin sashe na 504 na wata dokar ta 1973.