Hoton Ƙirji da na Ƙashi: Yadda Zai Fito Fes Tun Karon Farko

Idan likita ya rubuta maka hoton X-ray, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ko a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, riƙe takardar da kyau. A cikinta aka rubuta gaɓar da za a ɗauka da abin da ake zargi, da ita kuma mai ɗaukar hoto zai san yadda zai tsayar da kai. Tsohon hoto ma ka zo da shi.

Hasken na'urar yana ratsa tsoka, amma ƙashi da ƙarfe suna tare shi, sai su fito fari. Huhu mai iska kuwa baƙi yake fitowa. Shi ya sa ake cewa a cire sarƙa, laya, guru, maɓalli da rigar nono mai ƙarfe. Laya guda a ƙirji tana iya rufe daidai inda ciwon yake. Kitso mai kauri da ya sauko baya shi ma yana yin inuwa, a ɗaure shi sama.

A hoton ƙirji, za ka jingina ƙirjinka da allo, haɓa a sama, kafaɗu a gaba, na'urar tana bayanka kimanin santimita 180. Da an ce ja numfashi ka riƙe, cika huhu taf ka tsaya cik. Daƙiƙa biyu ko uku ne kawai. Rabin numfashi yana sa zuciya ta yi kamar ta kumbura, motsi kuma ya dusashe hoton, dole a sake. Hasken hoton ƙirji guda bai wuce wanda jiki ke sha daga ƙasa da sarari cikin kwana 10 ba, amma maimaici ba dalili asara ne.

Mace mai ciki, ko wadda al'adarta ta yi jinkiri, ta faɗa tun kafin ta shiga. Nan kam ba wurin kunya ba ne.

Karaya tana buƙatar hoto biyu, ta gaba da ta gefe, domin ƙashin da ya goce yakan yi kamar daidai yake ta fuska ɗaya. A yi hoton kafin kowa ya taɓa wurin, har da mai ɗori. Tsagewar ƙaramin ƙashin wuyan hannu takan ɓuya da farko, sai an sake ɗauka bayan kwana 10 zuwa 14.

Hoto kaɗai ba ya tabbatar da tarin TB, sai an gwada majina. Fim ɗin kuma kada a naɗe shi, kada a bar shi cikin mota a ranar bazara, zafi yana lanƙwasa shi. A kai wa likitan da ya rubuta shi, haɗe da rahoton da aka rubuta a kan hoton.