Yadda Ake Sa Soso Ya Hau Katanga Ba Tare Da Ya Ɓata Ta Ba

Da farko duba katangar. In akwai tsaga, a cike ta da siminti, ta bushe.

Huda rami a layin siminti tsakanin tubali, kada ka huda tubalin kansa, yana fashewa. Kafa ƙusoshi, ka ɗaura waya a jere, tazarar santimita 40. Wayar ta nisanci katanga da santimita 5, domin iska ta ratsa. In ganye ya manne, laimar damina na zama, gara ta samu hanya.

Shuka soso ko duma santimita 40 daga gindin katanga, farkon damina, wajen watan Yuni a Maradi. Zuba ruwa a gindin shukar kaɗai. Reshen da ya doshi indararo, datse shi.

Katangar laka kuwa, kafa mata sanduna daban.