Darasi na 9: In Maganin Ƙwayar Ulsa Ya Fara Wahalar da Kai

Toh 'yan uwa, yau darasinmu a kan wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, a taƙaice H. pylori. A cikin tumbin mutum take zama, kuma ita ce ke jawo yawancin gyambon ciki da muke cewa ulsa. Wasu likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982, har aka ba su kyautar Nobel a 2005.

In gwaji ya nuna kana da ita, likita ba magani ɗaya zai ba ka ba. Yawanci uku ne a haɗe: mai rage asid ɗin ciki irin su omeprazole, sai antibayotik biyu, wato masu kashe ƙwayoyin cuta, amoxicillin da clarithromycin, ko kuma metronidazole. Wani lokaci kuma wani haɗin ne na magani huɗu, a cikinsu har da bismuth mai kare bangon ciki da wani antibayotik mai suna tetracycline. Za ka sha kwana 10 zuwa 14.

Matsalar a nan take. Kwana biyu ko uku da farawa sai ka ji bakinka ya yi wani irin ɗaci kamar ka lashi ƙarfe, ko ruwa ka sha ɗacin na nan, ga tashin zuciya ga ciki na ƙugi ga zawo, wani ma har kai ke masa ciwo, sai mutum ya ce ai wannan magani bai karɓe ni ba ya ajiye. Dan Allah kar ka ajiye! Ɗacin nan aikin clarithromycin da metronidazole ne, kana gama magani zai tafi. Zawon kuma saboda antibayotik ba ya tantancewa ne, yana kashe mugayen ƙwayoyi yana haɗawa da masu amfani da ke cikin hanji. Ka yawaita shan ruwa, in zawon ya matsa ka haɗa ruwan gishiri da sukari na ORS, antibayotik ɗin kuma ka sha shi bayan ka sa wani abu a ciki, yana rage tashin zuciyar sosai. Shi omeprazole kafin cin abinci ake shan sa.

Me ya sa nake ta nanata kar a daina? Saboda in ka tsaya a kwana na biyar raunanan ƙwayoyin ne kawai suka mutu, masu taurin kan suna nan, kuma in suka farfaɗo wannan maganin ba lallai ya sake cin su ba, sai an koma wani zagaye da ya fi na farko wahala. Wallahi abin na damuna, mutum ya sha wuyar rabin hanya sannan ya tashi a tutar babu.

Akwai abubuwan da ke tsorata mutane alhali ba komai. Bismuth yana mai da bayan gida baƙi, har harshe ma yana yin baƙi. Metronidazole kan sa fitsari ya yi duhu. Mata kuma wasu sukan samu ƙaiƙayin gaba da farin ruwa bayan antibayotik, 'yar uwa kar ki ji kunya ki faɗa wa likita ko nas, akwai maganinsa.

Amma fa akwai inda ba a haƙuri. In ƙuraje suka feso maka, ko leɓe ko fuska ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara yi maka wuya, tsaya da maganin nan take ka nufi asibiti, jikinka ne ya ƙi shi. Haka in zawo ya zama kamar ruwa sau da yawa a rana da zazzaɓi ko jini, ko kana aman jini, ko ido ya yi rawaya, ko zuciya na bugawa ba daidai ba. Baƙin bayan gida mai danƙo kamar kwalta da mugun wari tare da jiri, wannan jini ne ke zuba a ciki, kar ka ɗora wa bismuth laifi.

Tun kafin a rubuta maka magani ka buɗe baki ka yi bayani. In penicillin ya taɓa yi maka illa ka faɗa, domin amoxicillin danginsa ne. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa, tetracycline bai dace da ita ba, haka ƙananan yara. Ka lissafa duk magungunan da kake sha, clarithromycin ba ya jituwa da wasu, misali simvastatin na rage kitse a jini. Ba a shan tetracycline tare da madara, tana hana shi shiga jiki. Mai shan giya kuma ya nisance ta yayin shan metronidazole har kwana 2 bayan gamawa.

In ka gama, ka koma a sake gwaji bayan aƙalla sati 4, da haka ake tabbatar da ƙwayar ta mutu, jin sauƙi kaɗai ba ya nunawa.

Aikin gida: ɗauko takarda ka rubuta sunan kowane magani da aka ba ka da lokacin shan sa, ka ja layi 14, kullum in ka sha ka yi alama. A ƙasa ka rubuta alamomi uku da za su sa ka tafi asibiti ba tare da jira ba, ka zo da ita aji mu karanta tare.