Idan zafi ya kayar da abokin aikinka, ga abin yi kafin a kai asibiti

Jama'a ni dai abin da ya fi ba ni tsoro a wajen aiki lokacin zafi shi ne mutumin da ya fara magana ba kan gado. Na taɓa gani da idona, muna zuba kankare wani yaro sabon zuwa ya ajiye kwanon a ƙasa yana tambayar ina takalminsa alhali yana ƙafarsa, aka yi ta dariya ana cewa ya sha wani abu ne, ko minti 10 ba a yi ba sai ga shi a ƙasa. Allah ya sa da sauran kwana. Tun ranar na daina wasa da maganar nan.

Jiki da gumi yake sanyaya kansa, gumin ya fito iska ta busar da shi sai zafin ya tafi. To idan iskar da laima ko babu iskar ma gaba ɗaya, ko an sa kaya masu kauri irin na masu walda da masu feshi, gumin zuba kawai yake ba ya bushewa, zafin yana taruwa a ciki. Mai aikin ƙarfi yana iya zubar da lita 1 ko fiye a awa ɗaya. Kuma ba sai a rana ba fa, mai tsayuwa gaban murhu ko cikin masana'anta mai rufin kwano shi ma yana ciki.

Abin hawa-hawa yake zuwa. Da farko ƙurajen zafi, ko tsokar ƙafa ko ta ciki ta ɗaure saboda gishirin da ya fita da gumi. Daga nan sai galabaita: gumi sharkaf, jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko amai, jiki ya mutu, zuciya na bugawa da sauri, amma hankalinsa na nan, ka tambaye shi sunansa ya ba ka amsa daidai. Wannan a kai shi inuwa, a cire masa hular kwano da takalmi da riga mai nauyi, ya kwanta a ɗaga ƙafafunsa kaɗan, a jiƙa masa jiki ana fifita, ya riƙa kurɓar ruwa mai sanyi a hankali. In akwai ORS ya fi, in babu a lita 1 ta ruwa mai tsafta a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a tafi a bar shi shi kaɗai wai yana hutawa, kuma aikin ranar ya ƙare masa, oga ya yi haƙuri. In an kai minti 30 bai dawo daidai ba, ko amai ya hana ruwan zama, sai asibiti.

Na ukun shi ne mai kisa, bugun zafi, lokacin da zafin cikin jiki ya haura digiri 40 har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Alamarsa a kai take: sambatu, ruɗewa, masifa ba dalili daga mutumin da ba halinsa ba, harɗewar harshe, tangaɗi, jijjiga, suma. Akwai wata magana da ta yaɗu cewa sai gumi ya ɗauke fata ta bushe tukunna ake kiransa bugun zafi, don Allah a daina dogaro da ita, ma'aikacin da aiki ya jawo masa sau da yawa jiƙe yake da gumi har ya faɗi. Ku duba hankalinsa kawai.

In ka ga haka mutum ɗaya ya nemo mota ko ya kira motar asibiti, sauran kuma ku fara sanyaya shi nan take a wajen, kada ku jira motar, don kowane minti da ya yi a wannan zafin ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta ne ke lalacewa. Mafi sauri shi ne a tsoma shi cikin ruwan sanyi har wuya wani na riƙe da kansa, in akwai baho ko wani abu da zai ɗauke shi. Babu? A shimfiɗa tamfol a kwantar da shi a ɗaga gefe-gefen a zuba ruwa. Ko wannan babu, a tuɓe masa kaya a yi ta kwara masa ruwa ana fifita da kwali ko me aka samu, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, tsumman da aka jiƙa a riƙa canzawa don da ya ɗumama ya daina amfani. A mota ma a ci gaba. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe, a juya shi ta gefe saboda amai. Farasitamol kuma ba ya komai a nan, wannan ba zazzaɓi ba ne, ƙara wa hanta wahala ma zai yi.

Rigakafin sananne ne, bin sa ne wuya. Kofi ɗaya na ruwa duk minti 15 zuwa 20, tun kafin ƙishirwa ta zo, amma kada a wuce kamar lita 1 da rabi a awa, shi ma yawan yana da illa. Fitsari ne ma'auni, in ya yi duhu ko ka wuni ba ka yi ba kana baya. Aiki mai nauyi a kai shi safe ko yamma, a riƙa hutu a inuwa ta gaske, ruwan kuma ya kasance kusa, don in sai an yi tafiya kafin a sha wallahi ba wanda zai je. Giya da daddare tana ƙarar da ruwan jiki kafin ma a fara. Masu ciwon suga, zuciya, ƙoda, ko masu shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari su tambayi likita, kada su daina maganin da kansu.

Sai sabon ma'aikaci, wanda a ganina nan aka fi yin sakaci. Jiki na bukatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, kuma yawancin mace-macen a kwanakin farko suke faruwa. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bayarwa ita ce ranar farko ya yi kashi 20 cikin 100 na lokacin aiki a cikin zafi, kullum a ƙara kashi 20. Wanda ya yi mako guda ko fiye bai zo ba shi ma a lallaɓa shi. Matsalar sabon zuwa ba zai taɓa cewa ya gaji ba, tsoro yake kada a ce rago ne a sallame shi, shi ya sa nake haɗa shi da wani tsohon hannu in ce duk bayan ɗan lokaci ya ja shi da hira, in amsar ta fara karkacewa a kira ni.