Yadda Ake Yin Kyandir da Kakin Zuma

Kafin kananzir ya yaɗu a ƙarni na 19, talakawan Turai da kyandir ɗin kitse suke haskaka ɗakunansu, wanda yake hayaƙi da ƙauri, shi kuwa na kakin zuma sai a coci da gidajen masu hali saboda tsadarsa. A ƙasar Hausa aci-balbal aka sani, mai man gyaɗa ko man kaɗanya da lagwanin auduga.

Mai son yin nasa kyandir ɗin kakin zuma sai ya samo saƙar da aka matse zumanta, ya dafa ta cikin ruwa, ya tace da ƙyalle, ya bar ta ta huce har kakin ya daskare a saman ruwan. Daga nan sai ya zuba kakin a dogon gwangwani, ya tsayar da gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. Kakin yana narkewa a wajen digiri 63 na ma'aunin Selshiyos, kuma kada a kuskura a ɗora shi kai tsaye a kan wuta, domin yana iya kamawa. Idan ya kama, da murfi ake kashe shi, ba da ruwa ba.

Sai a ɗaura ƙaramin ƙusa a gindin zaren auduga don ya miƙe, a tsoma shi, a ɗago, a jira kakin ya dushe ya daina ƙyalli, sannan a sake tsomawa. Jinkirin ɗagowa ne ke ɓata aikin, domin zaren da ya daɗe a ciki narkar da abin da ya tara yake yi. Idan kyandir ya kai kaurin babban yatsa, sai a yanke gindinsa, a rataye shi a inuwa ya kwana.