Yadda nake dafa naman barewar Amurka

A jihar Wayomin, inda barewar da suke kira pronghorn ta fi yawa, za ka ji wasu na cewa namanta ƙarni gare shi, ba ya ciwuwa. Ban yarda ba. Yawanci a daji ake ɓata shi. Lokacin farautarta yakan faɗo ne a Satumba da Oktoba, rana na da sauran zafi, gashinta kuma yana riƙe ɗumi. Saboda haka kafin in karɓi nama wurin maharbi, bayan na tabbatar ya yi bisimilla, tambayata ɗaya ce: nan take ka feɗe ta ka sa a ƙanƙara? In ya ce ta yini a bayan mota da fatarta, sai in yi godiya in bar masa.

Barewar tana yawan cin wani tsiro ɗan uwan tazargade, shi ya sa za ki ɗan ji ƙamshinsa a naman. Da wuƙa mai kaifi ki yanke kitsen duka, ki ɗaye farin tantanin nan mai sheƙi da ke manne da tsoka, don shi ke ƙanƙancewa a wuta ya murɗe naman. In ƙamshin ya dame ki, ki jiƙa a kindirmo ya kwana a firiji, da safe ki tsane shi sosai.

Naman gadon baya shi ne na sarauta, kuma nan ne hannunmu na Hausawa ke yi masa illa, don mun saba sai nama ya dahu luguf. Wannan ba shi da mai ko kaɗan, yana wuce lokaci ya zama busasshe. Gishiri da masoro sun isa. Kasko ya yi zafi har ya soma hayaƙi, ki sa mai, kowane gefe minti 3 in kaurinsa ya kai yatsa biyu. Sai ki jefa man shanu da dakakkiyar tafarnuwa, ki riƙa ɗiba da cokali kina zuba masa. Ki sauke cikinsa na da sauran ja-ja, ya huta minti 5 kafin ki yanka a gicciye.

Ƙwauri da wuya kuwa farfesu, wuta kaɗan-kaɗan kamar awa 3, da citta da kanumfari. Cinya ina yin dambun nama da ita, tsokarta na warwarewa ba gardama. In niƙawa za ki yi, ki haɗa da kitsen rago, kuma wannan kam ya dahu har ciki.